Igiyar da Ta Iso a Makare

Mijina Fadilu sojan kashe gobara ne. An tura shi Turai wata uku ya koyo nutso, ya dawo Gure ya ishe mu da labari. Wai tabkin da suke shiga ƙanƙara ce ta narke daga kan duwatsu, sanyinsa har cikin haƙori, ruwan garai-garai, daga sama kana ƙirga tsakuwar ƙasa. Wai da tukunyar iska a baya sai ya yi rabin awa bai ɗago ba. Ni kuwa ina ta washe baki, ina yi wa matan unguwa fankama. Kai, wauta!

Da damina ruwa ya cika kwarin da yayana Burahima yake lambu. Wata Laraba da hantsi ya shiga ciro injin ban ruwansa, ya zurma cikin tsohuwar rijiyar da ruwa ya rufe. Kwarin ba nisa da gidanmu, muna jin kururuwa, tare muka iso da Fadilu a guje. Ruwan kamar kunun kanwa, amma har lokacin kumfa na tasowa.

Na ce, “Maigida, shiga! Ga wurin nan!”

Ya tsaya a baki yana kallo. “Kaltumi, mutum ɗaya ba ya nutso. Ba igiya, ba abokin shiga, ba a ganin komai a ciki. Haka aka koya mana.” Ya hau waya, wai a kawo igiya daga bariki.

Na cakumi rigarsa, na roƙe shi don Allah don Annabi. Ko takalmi bai cire ba.

Can sai ga Ɗan Talata, tsohon mai haƙar rijiya, ya fito daga nasa lambun. Ya tuɓe riga, ya shiga yana laluben ƙasa da ƙafa. A nutso na biyu ya fito da Yaya. Nan Fadilu ya durƙusa, yana danna masa ƙirji yana hura masa iska a baki, har gumi ya jiƙa shi. Ina! Ana lulluɓa wa Yaya zane igiyar ta iso.

Ranar sadakar uku kumandansu ya zo gaisuwa. Ya dafa kafaɗar Fadilu ya ce ya yi daidai, da ya shiga da gawa biyu za a ɗauka.

Wataƙila gaskiya ya faɗa, kuma shi ya fi ƙona min rai. Na roƙi mijina ya mutu, ya ƙi, har yau na kasa yafe masa.