Sanyi Ya Rufa Mini Asiri

Ni dai bakina ne ya ja mini. Aikina auna jini a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, kuma in ana neman sarkin iyayi a wajen, kada a wuce teburina.

Da gwaji ya nuna furotin ɗin da ke dakon kitse a jinina ya hau, matata ta kafa doka: ba kitse, ba soye-soye. Ciwon zuciya ne ya ɗauke babana yana sunkuye yana ɗaure takalmi, ita kuwa ba ta manta ba. Ni ma ban manta ba, kwaɗayi ne dai ya fi ƙarfina.

Sai na tuna injinmu na awo a lalace yake lokacin da aka ɗebi jinin, don haka jinin ya yi watanni a firiza kafin a auna shi. Na samu madafa.

"Maman yara, sakamakon nan fa ba gaskiya ba ne. Jinin da ya daskare ya narke ba abin yarda ba ne. Sanyi kan taɓa furotin, awo ya kauce."

"Ka tabbata?"

"Haba! Ana nuna wa na rigingine farin wata? Gobe zan auna sabo, ki gani."

Washegari na miƙa hannu ga abokiyar aikina, wadda muke kira Ba-Wasa. Ta ɗaure dantsen, ta ɗebi jinin, ta juya shi a na'urar tacewa, ta sa a injin awo da ɗuminsa. Ina tsaye a kanta ina mata lacca.

Ta daɗe tana duban allon injin.

"Gaskiyarka, Oga, sanyi ya canza awon," ta ce. "Sai dai ƙasa ya yi da shi. Sabon ya fi tsohon hawa."

Allura ta tono garma. Ashe firizar da nake ta zagi, asiri ta rufa mini. Tsoro ya kama ni, na gaske, har na dubi igiyar takalmina.

Tun daga ƙofar gida ƙamshin suya ya tare ni. Matata ta ajiye faranti, nama yana ƙyalli da mai.

"Na ga na takura maka a banza," ta ce. "Kai ne masani, ai ba za ka ruɗe ni ba."

Da ma gori ta yi mini, da ya fi sauƙi. Na ɗauki murfi na rufe farantin da hannuna.

"Kai wa yara," na ce. "Ki zauna, akwai magana."