Kwat ɗin Mai Sanda

Sati biyu Tela ya ce za su yi a ƙasar waje, a yi wa matarsa aikin ido su koma gida. Kwana uku da cire mata bandeji annoba ta rufe gari. Jirgi ya daina tashi, aka ce kowa ya shige ɗaka, kuma kada wanda ya matsa kusa da mutumin da ba na gidansa ba. Haka suka maƙale a ɗakin haya guda a hawa na uku, da gado ɗaya da taga mai kallon titin da ko kare ba ya bi.

Mutumin da ya shekara arba'in yana taka keke, zaman banza ya fi cutar ci masa rai. Kullum sai ya samu abin faɗa, yau labule ya karkace, gobe shayi ya huce.

"Malam, don Allah ka nemi abin yi," in ji matarsa. "Idona aka gyara, kada kai kuma ka kashe mini kunne."

A ƙofar da ke kallon tasu, taku huɗu tsakani, akwai wani dogon tsoho da suke ce wa Mai Sanda. Ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa, da ɗaga hannu ake gaisawa. Shi ne ya hango tef ɗin awo a wuyan Tela, domin ko asibiti da shi ya je. Washegari suka tarar da keken ɗinki a bakin ƙofarsu, da wani yadi mai kauri ruwan toka a kai.

Tafintan asibiti ne ya warware musu zancen ta waya. Keken na matar Mai Sanda ne, tana can gidan kula da tsofaffi, an kuma hana ziyara. Ita ta sayi yadin don ta ɗinka masa kwat, sai hannunta ya kama rawa. Burinsa ke nan, ranar da aka buɗe ya je mata sanye da shi.

Tela ya dafa ƙirji ya yi alkawari. Sai dai yana da doka guda tun yana ɗan koyo: almakashinsa ba ya taɓa yadi sai ya ɗora tef a kafaɗar mai kaya. Ga shi an hana matsawa, balle tsoho mai tari. Mai Sanda ya gane, ya rataye tsohon kwat ɗinsa a mariƙin ƙofarsu don a ɗauki awo. Tela ya mayar masa.

"Haba Malam! Ga awo an kawo maka har gida," in ji matarsa.

"Wannan awo ne? Wani ya ɗinka, jiki ya ja shi shekara goma. In yanka yadin baiwar Allah a kan kuskuren wani?"

"To auna shi da ido mana. Kai da kake hango mutum a kasuwa ka faɗi faɗin ƙirjinsa."

"Wancan hira ce, wannan aiki."

Ya auna ɗin kuwa. Kullum suka gaisa yana karanta kafaɗar tsohon da tsawon hannunsa, har ya rubuta lambobin a bayan kwalin magani. Amma bai yanka ba. Ya ɗinka wa duk gidan takunkumi da tsofaffin zannuwan gado, ya rage wa na hawa na biyu wando, yadin nan yana naɗe a kan akwati. Sau uku kwat yana zuwa, sau uku yana komawa. A na ukun Mai Sanda ya nuna yadin da sandarsa daga nesa, ya ɗaga gira. Tela ya nuna tef, ya yi masa alamar ya yi haƙuri, saura kaɗan. Tsohon ya yi dariya ya girgiza kai.

Wata safiya motar asibiti ta tsaya a ƙasa. Mutum biyu cikin fararen kaya suka sauko da Mai Sanda, sandarsa a jingine a bango.

Sati uku bayan haka aka sassauta. Shaguna suka ɗage ƙofa, aka ba da izinin ziyara, aka ce baƙin da suka maƙale jirginsu zai tashi jibi. Tela ya ji motsi a ɗakin maƙwabci, ya zabura da tef a hannu. Wata mace ce ta buɗe, tana haɗa kaya a kwali, doguwa kamar ubanta Mai Sanda. Ba sai an kira tafinta ba, ya gane tsohon ya rasu. Ta dube shi, ta dubi tef ɗin, ta shiga ta fito da tsohon kwat ta miƙa masa.

Ya shimfiɗa shi a gado ya auna, ya ɗauko kwalin magani ya gwada. Kafaɗa daidai, hannu daidai, tsawo daidai, ko rabin inci babu tsakani.

Matarsa ta dubi fuskarsa. Ta ɗauko almakashi ta sa masa a hannu.

Yini ɗaya da rabi ɗinkin ya ci. Da ya goge ya kai wa 'yar, ta rungume kwat ɗin, ta nuna masa hoton uwarta, ta nuna hanya. Can za ta kai shi.

A jirgi matarsa ta ga wuyansa wayam.

"Ina tef ɗinka, Malam?"

"Yana aljihun kwat," ya ce, ya juya wajen taga. Can ya ƙara da cewa, "Yini ɗaya da rabi fa. Wata uku yadin nan yana kallona."