Madarar da ta kwanta

Gwajin ɗaukar aiki ake yi wa wata mata, darasi ɗaya. In shugaban makaranta ya gamsu, ta zama malamar kimiyya. In bai gamsu ba, akwai wasu suna jira.

Ta jera kwalabe uku a kan tebur. Shugaban ya zauna can baya, a kujerar da ta yi masa kaɗan.

"Gauraye iri uku za mu gani yau," in ji ta. Ta ɗaga kwalbar farko. "Gishiri a ruwa. Ya narke, rariya ba ta raba su." Ta girgiza ta biyu. "Yashi a ruwa. Ku ba shi lokaci, zai kwanta." Ta ɗaga ta uku. "Madara. Ɗige-ɗigen mai ne ƙanana cikin ruwa. Ba su narke ba, kuma ba sa sauka ƙasa kamar yashi."

Ta juya tana rubutu a allo. Aka fara ƙus-ƙus.

"Malama," in ji wata ɗaliba mai tabarau, "madararki fa ta kwanta."

Ta waiwaya. Fari a ƙasa, ruwa a sama. Ta buɗe ta shinshina: fulawa. Sai ta tuna shayin da mijinta ya sha da safe, fari tas, da yadda ya ce "Allah ya ba da sa'a" bai kalle ta ba.

Shugaban ya gyara zama.

"To," in ji ta, "kwalba ta ƙaryata ni. Da wa kuka yarda, ni ko ita?"

"Kwalba!"

"Madalla, marasa kunya. Yaya za mu gane abin da ke ciki?"

"A tace!" in ji wani dogo daga baya.

Ta ba shi hankicinta. Ya tace, ƙullu ya tsaya a kai.

"Wane iri ne wannan?"

"Irin yashi!"

"Malama, an yi miki algus," in ji mai tabarau. "Wa ya shanye ta gaskiyar?"

"Mijina."

Ajin ya kwashe da dariya, har wani ya ce a kawo shi a tace.

Da aka tashi, shugaban ya tsaya a bakin ƙofa yana miƙe ƙafa.

"Da gangan kika shirya wannan?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To ranar Litinin ki yi shi da gangan. Aji biyu ne suka rage."