Baƙon da Ya Haƙa Rijiya

"Ɗaga masa kai, Hamo, romon zai zube," in ji Avice.

Hamo ya tallafi mahaifinsa. Tsoho Osbert ya kurɓa sau ɗaya, ya ture cokalin. Tun suna da ƙuruciya Avice ke maƙwabtaka da shi a wannan ƙauye na Norfolk, a ƙasar Ingila, shingen ƙirare ne kawai tsakaninsu, ba ta taɓa ganin ya ƙi romon kabeji ba sai yau.

Fada Anselm, limamin cocin ƙauyen, yana zaune kusa da murhu, hayaƙi na sa shi tari.

"Fada," in ji Osbert, "in kun kai ni makwanci, da wane suna za ka kira ni?"

"Osbert Newman, kamar kullum."

Newman, wato sabon zuwa. Haka aka laƙaba masa tun ranar da ya shigo ƙauyen da ƙunshin kayansa a kafaɗa.

"Har yanzu baƙo ne ni? Ni na haƙa rijiyar da kuke sha. Matata tana kwance a bayan cocinka."

Fada ya ce, "Ba zagi ba ne. Masu gidan sarauta da ke jin Faransanci suna ce masa surnom, sunan da ake ɗorawa bisa suna. Ga Osbert biyu a ƙauyen nan, dole a bambanta."

"To a ɗora mini wani. A ce Atwell, na bakin rijiya. Kada jikokina su gaji baƙunta."

Avice ta goge masa gemu. "Tsohon rigima! Kana tafiya ma sai ka yi ciniki?"

"Ke dai ki yi mini alkawari za ki sa sunan nan ya zauna."

Ta yi.

Da hantsi ya cika. A bakin kabari Fada ya ce "Osbert Atwell" da ƙarfi, mutane suka dubi juna, wani ya yi raɗa, "Wane ne kuma wannan?" Avice ta harare shi. Duk damina ta yi ta gyara wa mutane baki, a kasuwa da wurin niƙa.

Wata safiya bayan girbi, agwagin Hamo suka faɗa mata lambu. Ta fito da tsintsiya, ta hango ƙaramar 'yarsa Sibley.

"Ke 'yar Newman! Zo ki kwashe tsiyarku!"

"Na'am, Inna!"

Yarinyar ta taho a guje. Avice ta tsaya da hannu a baki, tana kallonta tana kora agwagin ta ɓular shinge, ƙafafunta duk laka.