Ranar da Manhajar Gwaggo Ta Koyi Sauri

Gwaggo tela ce, shagonta na ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai wanki da guga. Auta, 'yar ƙaninta, aikinta rubuta manhajar kwamfuta a wani kamfani, ita ce kuma ta haɗa wa shagon wata 'yar manhaja mai nuna hotunan ɗinki, don duk wadda ta kawo yadi ta zauna ta zaɓi samfurin da ya yi mata.

Da farko ana taɓa ta take buɗewa. Sai Gwaggo ta kamu da son ɗaukar hoto. Duk rigar da ta sauka daga kan keke sai an ɗauke ta gaba da baya, da hannu, da wuya, an zuba a kwamfuta. Kafin shekara ta zagayo manhajar ta koma kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. A danna ta, allo ya yi fari fat, fankar kwamfuta ta kama gurnani, mai yadi ta gaji da jira ta ce a yi mata irin na bara kawai.

Wata Asabar da hantsi Auta ta zo, ta ture ƙyallayen da ke kan tebur, ta buɗe cikin manhajar tana karantawa. Ba ta yi nisa ba ta gano matsalar. Ashe da an kunna ta sai ta kwaso hotunan nan kakaf, kowanne da cikakken girmansa, ta cusa su cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta kafin ta nuna ko ɗaya. Wanda aka gama kallo ma ba ta sakin sa, tana nan rungume da shi.

Auta ta tambayi wane gwani ne ya rubuta wannan shirmen. Gwaggo, da allurai a bakinta, ta nuna ta da almakashi.

Auta ta yi dariya ta duƙufa. Ta sa aka yi wa kowane hoto ɗan ƙaramin kwafi mara nauyi. Ta gyara yadda manhajar ba za ta ɗauko komai ba sai abin da allo zai iya nunawa a lokacin, babban hoto kuma sai an taɓa shi zai zo, ana barin sa ta sake shi. Sannan ta yi bismilla ta danna.

Riguna suka cika allo tun ba ta ɗauke yatsa ba.

Ta ɗauka kuskure ne. Ta rufe, ta sake dannawa, ta buɗe. Ta duba ma'aunin ƙwaƙwalwar, wanda ya saba cika har baki, ta gan shi can ƙasa. Fankar ma shiru. Wata dariya ta taso mata tun daga ciki, ta kasa riƙewa. Ta miƙe, ta zari tef ɗin awo ta rataya a wuya, ta hau taka rawa tsakanin kekuna biyu, har ta yi fatali da kwandon zare.

Gwaggo ba ta yarda ba. Ta cire alluran daga baki.

"Faɗa mini gaskiya, Auta. Rabin hotunana kika zubar, shi ya sa ta yi sauƙi."

"Wallahi ko ɗaya ban taɓa ba, Gwaggo. Ki kira wadda kike so."

Gwaggo ta ce a nemo mata koriyar rigar nan mai faɗin hannu da ta ɗinka wa matar mai wanki. Auta ta ja allo, sai ga ta, har da ɗan zaren da aka manta ba a yanke ba a gefen wuya. Gwaggo ta ture ta daga kan kujera ta zauna da kanta. Ta rufe ta buɗe, ta rufe ta buɗe, kowane karo sai ta tafa hannu ta ce kai, kamar ba ita ta danna ba.

Daga nan ta leƙa waje ta kirawo mai agogo ya zo ya auna musu saurin. Ya shigo da muhimmanci, ya gyara tabarau, ya ɗaga agogonsa, ya ce a danna. Kafin ya mayar da ido kan agogon ta riga ta buɗe. Ya ce ba a yi adalci ba, a sake. Aka sake, haka dai. Ya mayar da agogon aljihu ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Mai wanki da ya biyo sahu don jin hayaniyar me ake yi, sai da ya dafa ƙofa saboda dariya.

Da suka watse Gwaggo ta janyo wani shuɗin yadi daga saman kantar shagon, wanda ta daɗe tana hana kowa taɓawa, ta ce Auta ta miƙe a gwada ta, tukuicinta ke nan. Auta ta miƙe ta ware hannuwa. Amma da tef ya zagaye ƙugunta sai ta tuna fuskar mai agogo, ta sake fashewa, awon ya ɓaci.

"Ki tsaya cak mana, 'yar nan," in ji Gwaggo, ita ma kafaɗunta na rawa. Sai da suka zauna a kan benci suka gama dariyarsu, suka share hawaye, sannan aka iya ɗaukar awon.