Mai Sunan Kakansa

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina riƙe da sitiyari. Na ɗauki malamai, na ɗauki mahaukata, na ɗauki akuyar da ta haihu a bayan mota, amma ban taɓa ɗaukar fasinjan da ya wahalar da ni da shiru kamar Sajo na Gude ba. Sunana Dabo. A lokacin, wajen shekara biyar kafin Turawa su tattara nasu ya nasu, ina jan kitika, wato ƙaramar motar kaya, ta wani attajiri a Gwarzo. Aikina jigilar gyaɗa da kiraga zuwa tashar jirgi a Kano, in kuma wani mai hali ya so a kai shi unguwa shi kaɗai, sai ya ɗauke ni shata. Shata kuwa, mota taka ce wunin nan, ba a tsaya wa kowa a hanya, ko da surukina ne ya ɗaga hannu.

Ranar kasuwa ya same ni ina ɗaure tayar baya. Dogon tsoho ne siriri, sanda a wuya hannaye a rataye, irin mutanen da kakanninsu suka bar yawon kiwo suka kama fartanya amma jikinsu bai ji labari ba. Ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa, ya dawo kan gida kuma, ko wani abu ya faru tun tambayar farko. Saura kaɗan ya tambayi lafiyar tayar. Sai da gwiwata ta yi tsami a tsugune sannan ya ce yana son mota ranar Talata, in zo Gude in ɗauke shi da an sallame asuba.

Na ce zuwa ina. Ya waiga dama, ya waiga hagu, kamar mai sayar da akuyar sata.

"Wurin jirgi," in ji shi.

Na tambaya ko tafiya zai yi, ya ce a'a. Tarye? A'a. To rakiya ce? Ya kalli bakin sandarsa, ya ce wani ne zai wuce, da hantsi. Na ce wane ne. Ya ce wani ne dai. Muka daidaita a kan haka, ya tafi.

A nan zan faɗi laifina, don kada a ce na wanke kaina. Jirgi a bakinmu iri uku ne, na ruwa da na ƙasa da na sama. Na ruwa babu shi a Kano. Na sama kuwa na Turawa ne da Kwarori masu manyan kantuna da alhazan birni masu manyan riguna. Saboda haka da tsoho mai takalmin fatar sa ya ce jirgi, ni da nake taƙamar babu lungun Kano da ban sani ba, ban ga abin tambaya ba. Kalma ɗaya ce tak ta rage a tsakaninmu, shi kunya ta hana shi faɗa, ni kuma sani ya yi mini yawa.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, wanin nan ɗansa ne na fari. Tun yaye aka miƙa shi ga gwaggonsa Furera da ke aure a Bichi, can ya girma, can aka kama shi aka sa a makarantar boko, har ya zama malamin makaranta. Yanzu an zaɓe shi zuwa Ingila karatu na shekara uku. Da aka karanta wa Sajo wasiƙar a zaure, an ce cewa ya yi Allah ya kiyaye, ya juya ya ci gaba da tambayar wani maganin kaskar shanu. Mutanen Gude suka yaba ƙwarai, suka ce wannan shi ne cikakken mutum. A wajensu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yi masa dariya, ba ya nuna ya san da shi a duniya. In ya ce jirgin sama a tsakiyar kasuwar Gwarzo, kafin la'asar duk Gude ta ji cewa Sajo ya ɗauki mota guda don ya je ya kalli ɗansa, shi ke nan mutuncin shekara sittin ya zube. Gida ma cewa ya yi zai je birni duba wani bijimi.

Talata na isa Gude gari na wayewa. Bai bari na shiga gari ba, a bakin hanya na tarar da shi gindin wata tsamiya, rungume da ƙunshi. Gwado ne saƙar gida, baƙi mai ratsin fari, sabo dal, an ɗaure shi da igiyar rama. Na ce a jefa shi baya, ya ce a'a, kayan mutane ne. Ya ɗora shi a cinya, ya dafe da hannu biyu.

Damina ce, hanya duk ta zaizaye. Muka wuce Kabo, muka bi ta cikin dawa da ta fi mota tsawo. Na yi masa hirar ruwa, na yi ta gyaɗa, na yi ta wani direban Katsina da ya faɗa rafi, duk amsarsa ɗaya ce, to. Sau ɗaya kawai ya buɗe baki da kansa, wajen Rimin Gado, ya tambaye ni ko gaskiya ne akwai ƙasar da ruwa ke daskarewa a randa. Na ce haka ake faɗa, amma ba a hanyar Ikko ba. Ya ce to. Ko jaki aka yi wa tambayar nan ya ci ya tsargu, ni kuwa na ci gaba da labarin direban Katsina.

Muka shiga ta Kabuga rana ta ɗan ɗaga, na ratsa da shi har tasha, na tsaya ina jin daɗin kaina. Jirgin Ikko na tsaye yana huci, mutane na ta cusa kaya ta taga. Sajo ya sauka da gwadonsa, ya bi taragu ɗaya bayan ɗaya yana leƙe a fakaice, kamar ba leƙe yake ba. Ya kai ƙarshe ya dawo. Ya sake zagayawa, wannan karon yana duban gefen jirgin da ƙarƙashinsa. Ni ina zaune ina cin ƙosai. Can ya zo ya tsaya a kaina, ya yi gyaran murya.

"Direba, wannan ɗin, ina yake ɓoye fukafukansa?"

Na ajiye ƙosan. Na ce Baba, jirgin sama kake nufi? Ya ce to da wanne ake zuwa Ingila. Shi a ganinsa jirage duk wuri ɗaya ake tara su, yadda ake tara shanu da tumaki a kara ɗaya. Haushi ya kama ni, nasa da nawa, na ce me ya hana ka faɗa tun a Gwarzo. Ya ce ai ban tambaya ba.

Ban taɓa wahalar da kitikar nan kamar ranar ba. Na bi ta Fagge ina danna ham, raƙuma da 'yan kura da masu keke kowa ya zaɓi ranar don ya nuna hanyar ta ubansa ce. Sajo bai ce in yi sauri ba, Allah ya kiyaye, wane shi. Amma ƙafarsa na ta danna ƙasan mota, kamar totur ɗin a wajensa yake.

A filin jirgi aka ce fasinjoji sun riga sun shige ciki, masu rakiya ma sun fara watsewa. Wani akawu mai farar riga da alƙalami a kunne ya ji tausayinmu, ya ce akwai lasifika, in jirgi bai rufe ƙofa ba za a iya kiran mutum ya leƙo minti biyu. Ya buɗe takardarsa ya ce a ba shi suna.

Na juya ga Sajo. Sajo ya juya ga bango.

"Yaron wajen Furera ne," in ji shi.

Akawu ya ce babu Furera a takardarsa. Sajo ya ce wani dogo ne, malamin makaranta. Akawu ya ce ba a rubuta tsawo. Na ce Baba, don girman Allah, suna kawai, babu ɗan Gude ko ɗaya a nan, ni kuma kurma ne daga yau. A lokacin ne na gane ko wane ne wanin, don na ga gumi na bin gemunsa, leɓensa na motsi babu abin da ke fita. Da ƙyar ya ce mai sunan kakansa ne. Akawu ya ce madalla, to yaya sunan kakan. Kakan kuwa mahaifin Sajo ne, wanda shi ma ba a kiran sunansa. Wato sun ɗauki sunan da ba ya faɗuwa sun ɗora wa yaron da ba a kira, don dai a tabbata babu ta inda za a ɓullo.

Dabara ta zo mini, a makare kamar kullum. Na ce wa akawu ya karanto sunayen duka, in an zo kan nasa za mu gani. Mutumin kirki, sai ya faro daga sama, daga Turawa, yana tauna kowane suna yadda za mu san ya yi makaranta. Ya gama Turawa ya shiga Kwarori. Ta taga ina hango ana janye matakala daga jikin jirgi. Da ya ce Lukuman Gude, Sajo bai ɗaga kai ba, sai ma ya sunkuyar, ya ƙura wa takalminsa ido. Na ce shi ne.

Lasifika ta kira sunan sau uku, duk filin ya amsa. Amma an rufe ƙofa, farfela ta fara juyawa. Muka fita da gudu zuwa shingen waya, ni da tsohon da aka ce bai taɓa gudu ba ko da sa ya biyo shi. Jirgin ya juya a hankali, tagoginsa ƙanana, ba ka gane fuskar kowa. Ya ja da baya can ƙarshen fili, ya taho da wata irin ƙara da ta sa mata toshe kunne, ko kusa da kai mutum yake ba ka jin abin da yake faɗa.

A cikin ƙarar nan Sajo ya ɗaga gwadon sama da hannu biyu, ya buɗe baki iya ƙarfinsa.

"Lukumanu! Lukumanu!"

Ni kaɗai na ji, don kafaɗata na jikin tasa. Da ƙarar ta lafa ya sauke hannu, ya gyara igiyar ramar, ya ce mini rana ta yi, gara mu kama hanya kada ruwa ya tare mu. Na ji tausayinsa har na rasa inda zan sa idona, kuma na ji kamar in shaƙe shi.

Akawun ya ce ana iya aika gwadon ta gidan waya in an rubuta suna da adireshi. Sajo ya ce a bari, wanda ya ba shi saƙon bai ce a yi haka ba. Muka koma Gude. A gindin tsamiyar nan ya sauka, ya yi mini godiya mai tsawo, ya ce in wani ya tambaya, bijimin bai yi masa ba.

Damina biyu bayan haka ya rasu. Da Lukuman ya dawo, ni ɗin dai aka ɗauka shata daga Kano zuwa Gude, don har lokacin motocin ba su yi yawa ba. Dogo ne kamar ubansa, da kwat da tabarau. Ya ce ya ji an kira sunansa a lasifika ranar da zai tashi, shekara uku yana tunanin ko takardunsa ne aka ga kuskure. Na ba shi labari tun daga tayar baya har fukafukai, ya yi ta dariya. Da na zo kan shingen waya sai dariyar ta tsaya.

"Da me ya kira ni?"

"Da sunanka. Sau biyu."

Ya ce ban ji daidai ba, Baffa ba zai yi haka ba. Na ce kunnena ne, kuma ranar lafiyarsa ƙalau. Sai da muka wuce Kabo sannan ya roƙe ni kada in ba da labarin nan a Gude, kada a yi wa mamaci dariya. Na ce to. Da muka hango tsamiyar ya ce in tsaya. Ya sauka ya shiga cikin dawa, ya ba ni baya, ya daɗe ƙwarai, ina ganin kafaɗunsa na rawa ta tsakanin karare. Ya dawo yana goge tabarau da bakin kwat, idanu jawur, ya ce mini fitsari ne ya matse shi.