Muryar da Lele Ba Ta Sani Ba

Shekara biyar muka yi a ɗaki ɗaya a babban birni, bangon da ya raba mu da maƙwabta kamar kwali. Ko tari ka yi, sai ka ji an ce maka sannu daga wancan ɓangaren. Don haka duk faɗan da muka taɓa yi da maigidana, cikin raɗa muka yi shi.

Ranar da muka tare a sabon gida mai ɗaki uku, ga tsakar gida, ga maƙwabta can nesa, na kwance kaya na tarar keken ɗinkina ya karye.

"Baban Lele, ban ce ka riƙe shi a gaban mota ba?"

"Hannu nawa gare ni?" ya daka min tsawa.

Muryarsa ta bugi bangon falon da babu komai, ta dawo. Ni ma na saki tawa. Muka tono na bara, muka tono na bara waccan, babu mai cewa a yi haƙuri.

Sai na lura ba na jin motsin Lele, 'yarmu mai shekara huɗu. Muka bi ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya, muna kira. A cikin kwalin tukwane muka same ta, ta toshe kunnuwa.

"Mama, wane mutum ne yake ihu?"

"Babanki ne, ga shi."

Ta dube shi, ta girgiza kai.

"A'a. Mu koma gida, Babana yana can."